Wa Gwaggo Ta Shayar?

Ranar wata Alhamis ce, kwana tara bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, a wani gidan suna a Maigatari. Ranar kasuwa ce, ƙarar manyan motoci da kukan shanu suna shigowa har tsakar gida, ni kuma ina durƙushe ina zuba wa baƙi waina a faranti. Sai Hajiya Dije ta yafito ni. Yayar Babanmu ce, uba ɗaya, ta yi shekaru da yawa tana aure a Damagaram, ciwon ƙafa kuma ya hana ta zuwa bikina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tsaya a kan cikina da ya fara tasowa, ta yi murmushi ta ce, "Zulai, an girma. Wa aka ba ki ne, 'yar nan?" Na sunkuyar da kai don kunya, sai wata daga gefe ta ce, "Ai gida bai ƙoshi da ita ba, Habu aka ba, ɗan marigayiya ta Tasha." Wainar da Hajiya ta ɗauka ba ta kai baki ba. Ta mayar da ita faranti a hankali, ta goge yatsunta a gefen zane, ta ce, "Wane Habun? Innalillahi. Ai uwarsa ta shayar da yarinyar nan. A gabana." Har yanzu da nake rubuta wannan, ina ganin yadda ta mayar da wainar nan.

Kowa a wurin ya san abin da maganar take nufi. In har Gwaggo, wato marigayiyar da ta haifi Habu, ta ba ni nono ina jaririya, to ni 'yarta ce, Yaya Habu kuma yayana ne na shayarwa, aure ya haramta a tsakaninmu. Wata goma sha ɗaya da ɗaura mana aure, ga ciki wata biyar. Na tsaya ina jira wata ta ce, haba Hajiya, kin manta ne. Maimakon haka sai wata ƙanwar Baba ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi kuwa, lokacin da uwarsu ta kwanta asibitin nan." Wata ta ce ita ma yanzu abin ya faɗo mata. Kafin a kira Azahar, mata huɗu sun tuna, kuma dukkansu sun ci shinkafar bikina, biyu daga ciki ma su suka raka ni ɗakina suna guɗa. Wata goma sha ɗaya babu wadda ta tuna komai, sai ranar nan a kan farantin waina.

Don a gane yadda aka yi muka kai nan, sai na koma gidanmu na Gumel, inda na tashi. Mu tara Inna ta haifa, Yaya Rabi ce babba, ni ce ta uku. Gidan ƙasa ne mai faɗi, da rumbu biyu, da turken awaki a bayan ɗakin girki, da darbejiya a tsakiya wadda duk wani aikin hannu a ƙarƙashinta ake yinsa. In an kawo gyaɗa daga gona, nan za a zube ta a kan tabarma bayan an ci abincin rana, yara da manya a kewaye ana ɓara, ana labari. Ba tatsuniya ba, labarin gidan ake yi: ranar da rijiya ta rufta da guga, ranar da tunkiya ta cinye wa Baba takardar gona, ranar da aka kashe maciji a rumbu. Kowane labari an yi shi ya fi sau ɗari, kuma kowa yana da wurin da yake sa baki. Ba a tambayar wa ya gani, wa aka ba wa labari. In ka zauna a tabarmar nan sau uku, to kai ma kana wurin.

Labarin macijin nan shi ya kamata ya fara koya min hankali. Ƙanwata Ummi ta fi kowa iya ba da shi. Takan miƙe tsaye, ta gwada tsawonsa da hannu biyu, ta kwaikwayi yadda ya fasa kai, da yadda Baba ya ja da baya ya taka kwanon tsaki. Har takan ce ita ce ta fara ganinsa. Wata rana ina aji biyar na firamare na zauna na ƙirga da yatsu, na ga lokacin da aka kashe macijin nan ba a ma haifi Ummi ba. Da na faɗa, sai ta fashe da kuka tana rantsuwa ta gan shi, baƙi ne mai ɗigon fari. Inna ta ɗaga kai daga tsintar wake ta ce, "Ke kam Zulai kin cika bin diddigi, me ya rage ki in ta gan shi?" Aka yi dariya, aka ci gaba da ɓarar gyaɗa. Gaskiya ne, a lokacin babu abin da ya rage ni.

Ni ma ina da nawa labarin a tabarmar. Ni ce mai kukan gidan, ƙuda ya sauka a kaina sai na buɗe baki, don haka duk lokacin da na fara, sai wani ya ce, "Ga ta nan, mai hana Tasha barci." Labarin shi ne wai ina jaririya Inna ta yi ciwon nono mai tsanani, aka kwantar da ita a asibiti, aka ɗauki jaririyar aka kai wa Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Gagarawa Tasha. Wai na yi ta kuka har maƙwabta suna leƙowa ta katanga, Gwaggo tana surfe da ni a baya, tana tuƙa tuwo da ni a baya. Iyakar labarin ke nan yadda na taso ina jinsa. Ban taɓa jin an ambaci nono ba, ban kuma taɓa tambayar me jaririyar ta sha ba. Yaro ba ya irin wannan tambayar. Ina dai jin daɗin labarin, don ya nuna ni ta Gwaggo ce tun asali.

Ta Gwaggo ce kuwa. Duk dogon hutu, ranar da aka rufe makaranta Baba yake ɗora ni a bayan keke, daga baya babur, da ɗan ƙullin kayana a cinya, mu nufi Tasha. Yaya Rabi sau ɗaya ta je ta ce ba ta komawa, wai aikin gidan ya yi yawa. Aiki kam akwai shi. Da sassafe mu share tsakar gida, mu ɗebo ruwa, mu kai wa masu noma kunu a gona, ƙafa tana nutsewa a rairayi. In hutun ya kai kaka, ga riɗi an yanka an jingine shi dami-dami ya bushe, sai a shimfiɗa leda a kifa damin a riƙa bugawa da ɗan sanda, ƙwayar tana zuba kamar yayyafi, ƙaiƙayi yana shiga wuya. Ga zoɓo, mu zauna muna cire shi daga ƙwallonsa har yatsu su yi ja su yi tsami, kwana uku ba su wanku ba. Ladan aikin shi ne kantu, wanda Gwaggo take yi da hannunta ta yanka mana da wuƙa yana da ɗumi. Da yamma mu yi 'yar carafke da yaran maƙwabta a bakin ƙofa, ko mu ɗinka wa 'yar tsanar kara zani da ƙyallen da tela ya zubar. Gwaggo doguwa ce, mai faɗa, mai saurin hucewa. In na yi ɓarna takan ce, "Zan mayar da ke Gumel a buhu," sannan ta ƙara min nama a miya. Kowa a unguwar 'yar Gwaggo yake ce min, har wasu ba su san ba ita ta haife ni ba.

Yaya Habu a lokacin ba ya ko kallona. Sa'an Yaya Rabi ne, ya girme ni da shekara huɗu, aikinsa kiwon shanun huɗa da tsokanata. Shi ya sa min suna Sarkin Kuka, shi ya taɓa sa min ƙwaro a ɗankwali. Bayan shi Gwaggo ta haifi wani yaro, sa'ana, wanda bai yi shekara ba ya koma, daga nan ba ta ƙara haihuwa ba. Ta rasu ina aji biyu na babbar sakandare. Sai bayan rasuwarta da shekaru ne tsokana ta juya ta zama wani abu daban, kuma ba wanda ya tilasta mana, mu muka ga juna muka je muka faɗa. Dangi suka yi ta murna, ana cewa da marigayiya tana raye da ta fi kowa rawa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata in faɗa game da kaina. A makaranta an san ni da riƙe abu. A Islamiyya ni ake tayarwa in karanta hadda in baƙi sun zo. A boko ni ce mai haddace sunayen jihohi da manyan biranensu, in zuba su ba numfashi, malami ya ce wa 'yan aji, "Ku ga kai, ba irin naku ba na ɗaukar tallan gyaɗa." In an yi gardama a filin makaranta kan wa ya ci langa jiya, ko wa ya fara zagin wani, ni ake kira in raba. Na taso da yarda cewa abin da ke cikin kaina to haka ya faru. Wannan yardar ce ta kusa kashe ni.

Washegarin sunan, Baba ya tafi wajen limamin unguwarmu, dattijo mai sanyin magana wanda shi ya ɗaura mana aure. Malam ya ce magana ce babba, kuma a irin wannan shaidar mata karɓaɓɓiya ce, don su ne suke ɗaki lokacin da abin yake faruwa. Ya ce ba zai raba aure da gaggawa ba, ba zai kuma ce a ci gaba da zama cikin shakka ba, in koma gidanmu har a tantance. Haka na haɗa kaya a jaka ɗaya, Yaya Habu ya tare min A Daidaita, bai iya ko kallon fuskata ba. Na bar wake a jiƙe a roba, ina ganin gobe zan dawo. Kwana goma sha tara na yi.

Kwanakin nan ban ga irinsu ba. Hajiya Dije ta fasa komawa Damagaram, ta sauka a gidanmu, wai ba za ta tafi ta bar ɓarna a zuri'a ba. Kullum bayan Azahar sai 'yan'uwan Baba su hallara a ƙarƙashin darbejiyar nan, wai sun zo yi min jaje, sai a buɗe faifai. Ranar farko cewa suka yi sati uku na yi a Tasha. Kafin Juma'a ta zagayo ya zama kwana arba'in. Wata ta tuna ruwan sama ake yi ranar da aka kai ni, sai duk suka tuna ruwan, har da wadda ta ce ita ta ara wa Baba lema. Hajiya ta ce Gwaggo na zaune a kan turmi, zane shuɗi a ƙirjinta, ni a dama, ɗanta marigayi a hagu. Washegari wata ta kawo labarin zanen shuɗin nan a matsayin nata, Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko? Ita ma ta gani!" Na ce, "Hajiya, ai jiya a bakinki ta ji." Ta harare ni ta ce, "Ku 'yan lakwal ɗin nan masu boko, an haife ku jiya kuna so ku koya mana abin da idonmu ya gani. To zauna da yayanki, in kin ga dama." Na shige ɗaki na yi aikin da na fi iyawa tun ina ƙarama.

Inna ce kaɗai ta ɗan ja da farko. Ba ta kiran sunan Yaya Rabi, kasancewarta 'yar fari, kuma ba ta saba ɗaga murya gaban dangin miji ba. A ranar farko ta ce a hankali, tana kallon ƙasa, "Ni dai gani nake kamar babbar ce." Hajiya ta ce, "Ke da kike kwance zazzaɓi ya ɗauke miki hankali, lokotoro na tsira miki allura, me kika sani? Mu da muke tsaye mu muka gani. Kuma uwa ai dole ta so rufa wa 'yarta asiri." Bayan kwana biyar na same ta a ɗakin girki, na durƙusa na ce, "Inna, don girman Allah, ni ce ko Yaya?" Ta daɗe tana juya muciya, sannan ta ce, "Zulai, goyo tara na yi. Da na san amsar, amma yanzu sun cika min kai. Ina rufe ido sai in ga fuskarki." Baba ma da ya ce shi ba ya shiga maganar mata, ranar nan yana alwala ya ce shi dai ya tuna ya ɗauki yarinya zuwa Tasha, kuma in ya tuna hanyar Tasha, ni yake gani. Yo ba dole ba, Baba, sau nawa ka kai ni?

Na sa rai da Yaya Rabi. Ta taso daga Sule Tankarkar da goyonta, ta rungume ni muka yi kuka, sannan ta share hawaye ta ce wallahi ita ma ta tuna, tana 'yar shekara huɗu, ita ta riƙe ƙullin kayana har bakin zaure. Na kira Yaya Habu a waya, shi ne mutum na ƙarshe da nake jin zai tsaya min. Ya ce, "Zulai, ba na so in yi wa Allah ƙarya. Kamar ina tuna wata jaririya mai kuka a ɗakin Gwaggonki." Na ce, "Ƙaninka ne, Yaya! Ƙaninka ba ya kuka ne?" Ya ce, "To, shi ne ban sani ba." Na kashe wayar na jefa ta cikin kwandon wanki.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba su ba ne, ni ce. Wajen kwana na goma, ina tankaɗe da hantsi, kawai sai na gan shi. Turmin, da zanen shuɗin, da ɗumin jikinta, har da ƙanshin man da take shafawa. Ya zo min sarai kamar yadda nake tuna ranar da na fara zuwa makaranta. Na saki rariyar, gari ya watse. Na san jaririn wata uku ba ya tuna komai, mun karanta, hankali ma ya isa ya gaya wa mutum. Na san zanen nan a bakin Hajiya na fara jinsa. Amma sanin bai kore hoton ba. Na fara tunanin ko Allah ne yake nuna min gaskiya, ko kuwa in Malam ya tambaye ni in na ce ban tuna ba na yi ƙarya. Abinci ya daina shiga. In ɗan cikina ya motsa sai in rasa me zan ce masa, wa zan ce masa ubansa ne, wa zan ce masa kawunsa ne. Mata suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, ɗa dai nasa ne tunda ba da sani aka yi ba, kamar wannan ne zai sa in ji sanyi.

Ranar kwana na goma sha bakwai ranar awona ce. Ban so zuwa ba, Inna ta matsa. Na zauna a benci cikin layi, da aka zo kaina malamar asibitin ta karɓi katina, ta ga na rame ta yi min faɗa, sannan ta duba ta ce, "Cikin fari ne ko? Ga shi nan an rubuta." Na ce, "Ana rubutawa ne?" Ta ce, "Duk macen da ta shigo nan sai mun rubuta haihuwarta nawa, ko ciwon kai ya kawo ta." Ban san lokacin da na miƙe ba. Kowa a gidanmu, har Hajiya, ya yarda da abu ɗaya: sau ɗaya tak Inna ta taɓa kwana a asibiti, duk haihuwarta a gida ta yi. In akwai kati, to guda ɗaya ne.

Na dawo na faɗa ɗakin Inna ko mayafi ban cire ba. Na sauke jeren kwallayenta ɗaya bayan ɗaya, tana salati tana cewa zan fasa mata kayan aure. A cikinsu babu abin da ban gani ba: tsofaffin ɗankunne marasa 'yan'uwa, ƙullin jar kanwa, hular jarirai, haƙorin wani a ƙyalle. Katin bai fito ba sai washegari, a ƙasan adakar ƙarfe, cikin wata leda da aka ɗaure da zare tare da katunan rigakafinmu. Inna ba ta karatun boko, don haka duk takardar da aka ba ta a asibiti ba ta yar da ita, tana tsoron wata rana a tambaya. Katin ya yi ja, gara ta ci gefe ɗaya, rubutun kuma irin na likitoci ne, ni da sakandarena sunan Inna kawai na iya karantawa da kwanan wata. Kwanan watan ya riga ranar haihuwar da ke katin rigakafina da shekara huɗu. Na fito tsakar gida da gudu ina ɗaga shi sama.

Hajiya ko gezau. Ta ce, "Takarda? Takardar da ubanki ya je ya rage miki shekara biyu don ki shiga lakwal? Ita ce yau ta zama mai gaskiya?" Abin haushi, a nan ta faɗi daidai, an rage min a takardar shiga makaranta. Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Amma na tuna abin da malamar ta ce, na ɗauki katin na tafi gidan wata tsohuwar malamar asibiti da ta yi ritaya a bayan layinmu. Ta sa tabarau, ta kai shi bakin taga, ta bi shi da yatsa. Ta ce an kwantar da mai katin kwana goma sha ɗaya saboda ƙurji a nono, an hana ta shayarwa. Ta nuna min wasu haruffa biyu da lamba a kusurwa, ta ce, "Nan cewa aka yi haihuwarta ɗaya, 'yar tana raye, wata uku." Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce don Allah ta zo ta faɗa a gaban Malam, ta ce bari ta ɗauko mayafinta.

Bayan La'asar aka taru a zauren Malam, maza a gaba, mu mata daga bakin ƙofa. Yaya Habu yana can gefe ya sunkuyar da kai, rigarsa duk ta yi masa yawa. Malamar ta karanta katin. Malam ya juya ya tambayi matan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba, ko akwai wadda ta san Inna ta sake kwanciya a asibiti bayan wannan. Babu. Ya tambayi wane yaro ne a hannun Gwaggo lokacin da aka haifi Rabi, Baba ya ce Habu ne, tsakaninsu bai fi wata biyu ba. Malam ya ja carbinsa. Sannan ya ce, "To, in an shayar, Rabi aka shayar. Ita ce 'yar'uwar Habu ta nono, kuma hukuncin a kanta ya tsaya, ba ya tsallakawa kan ƙanwarta. Zulai, aurenki yana nan daram. Ki koma ɗakinki, Allah Ya sauke ki lafiya."

Inna ta riƙe min hannu ta ƙarƙashin mayafi. Sai Hajiya Dije ta gyara zama ta ce, "Alhamdulillahi. Ai dama ni tun a Maigatari Rabi na ce." Ƙanwar Baba ta ce, "Ƙwarai kuwa, Rabi kika ce, yaran nan ne ba sa saurare." Ta ukun ta ce ita ma ta yi mamakin yadda aka juya maganar. Na ɗago na dube su, ina neman alamar kunya ko ta wasa a fuskokinsu. Babu. Har ga Allah abin da suke tunawa ke nan.

Ba na ce ƙarya suka yi min ba, da ƙarya ce da ta fi sauƙin yafewa. Mutanen da suka goya ni ne, kuma a wajensu na ji duk abin da na sani game da ƙuruciyata, da wanda na gani da wanda aka zuba min a kai ina ɓarar gyaɗa, yanzu kuma ban san yadda zan raba su ba. Da can labarin gidanmu na kowa ne, wanda ya so ya shiga, ba ya cutar da kowa. Ina kewar lokacin da in aka ce min "kin tuna?" sai in ce e, gabana bai faɗi ba.